Ziyara a Maradi: gardamar ta malamai, tafiyar ta masu ƙaramin ƙarfi

Gwaggona ta shekara 11 tana tarin kuɗin Makka. Ba ta da asusu a banki. Wani kaso na kuɗin tumaki ne da ke ɗaure a bayan ɗakinta, wani kaso buhunan wake ne da take saye da kaka ta fitar da bazara, sauran kuma suna yawo a adashin matan unguwa. Duk shekara idan hukumar alhazai ta COHO ta faɗi kuɗin kujera a rediyo, sai ta sa a juya mata lissafin zuwa jika, don miliyan ba ta zauna mata a kai. Idan ta ji adadin ta yi shiru, can ta ce, "Allah shi kira mu." Kafin watan ya fita kuwa za ta fara cigiyar wanda zai kai ta Madarunfa.

Madarunfa tana kudu da Maradi, tafiyar da ba ta wuce kilomita 25 ba. Abin da ya fitar da sunanta shi ne tafki, da kaburburan da ke kewaye da shi, waɗanda ake cewa na waliyyai 99 ne. A 2006 gwamnatin Nijar ta shigar da tafkin da dajin da kaburburan cikin jerin wuraren da take fatan UNESCO ta amince da su a matsayin kayan tarihi na duniya. Gwaggo ba ta san da wannan ba, ba kuma zai ƙara mata komai ba. Ita dai ta san tun tana goye mahaifiyarta ke zuwa da ita.

Ɗanta na fari, taubashina, ɗan Izala ne tun yana saurayi. Ba ta kama sunansa, kamar yadda aka saba da ɗan fari, sai dai ta ce "wancan". Wata safiya ya iske ta tana ɗaure ƙullin geron sadaka a bakin mayafi, ya durƙusa ya gaishe ta, sannan ya ce, "Inna, Annabi ya ce ba a ɗaura sirdi sai ga masallatai ukku." Ko kallonsa ba ta yi ba. Ni ta juyo ta kalla ta ce, "Hwaɗa ma wancan ni ban ɗaura sirdi ba. Kabu-kabu zan hau."

Na yi dariya ranar, shi ma ya murmusa don dole. Daga baya na lura cewa a 'yar wannan musayar an taɓo kusan dukkan abin da ya sa maganar ziyara take da wuyar warwara a garin nan. Kalma ɗaya muke amfani da ita wajen tafiye-tafiye da dama da ba su da uwa ɗaya. Wanda ya je Madina bayan ya sauke farali ziyara ya yi. Haka wanda ya shiga maƙabartar unguwa ranar Juma'a ya yi wa mahaifinsa addu'a, da wanda ya cika mota zuwa Kiota da Mauludi, da matar da ta sulale da almuru zuwa gindin wata tsamiya ba ta son kowa ya gan ta. Mai wa'azi yakan ɗaure su a dami guda ya yanke hukunci, mai kare su ma yakan yi haka, shi ya sa gardamar ba ta ƙarewa.

Hadisin da taubashina ya kawo ingantacce ne, Bukhari da Muslim duk sun ruwaito shi: masallacin Makka, masallacin Annabi a Madina, da na Ƙudus. Akwai kuma wani ingantacce a cikin Muslim, inda Annabi (SAW) ya ce da can ya hana ziyarar kaburbura, amma yanzu a ziyarce su. Babu malamin da ke musun ɗaya daga cikin biyun. Saɓanin yana wajen haɗa su. Wasu sun ce hanin farko ya shafi duk wata doguwar tafiya da aka ƙulla don neman lada a wani wuri na musamman, ko da kabari ne. Wasu sun ce maganar masallatai ake yi, wato kada ka bar masallacin garinku ka tafi wani da zaton sallarsa ta fi lada in ba ukun nan ba, kabari kuwa yana ƙarƙashin hadisi na biyu. Gardamar ta girmi Maradi da ɗaruruwan shekaru. A kan fatawarsa ta hana tafiya don ziyarar kaburbura aka tsare Ibn Taimiyya a Dimashƙa a 1326, a tsare kuma ya rasu a 1328, kuma Taƙiyyuddin Subki ya rubuta masa raddi. Ra'ayin Ibn Taimiyya ne ya sami gwamnati a Saudiyya daga baya, aka rushe ƙubbobin maƙabartar Baƙi'a a Madina cikin shekarun 1920. Duk alhajin da ya je can ya ga filin ba gini, ya ga masu tsaro suna korar wanda ya daɗe a tsaye, ya dawo gida da wannan hoton a kansa.

A nan Maradi an saba taƙaita zancen da cewa 'yan Ɗariƙa suna ziyara, 'yan Izala suna hanawa. Wannan rabon ya yi sauƙi da yawa. Cikin sharuɗɗan karɓar wuridin Tijjaniyya akwai cewa muridi ba zai ziyarci waliyyan da ba na ɗariƙarsa ba, rayayyu ko matattu, da nufin neman madadi, wato taimako da albarka, daga gare su. An keɓe Annabawa da Sahabbai. Ke nan Batijjanen da ya riƙe sharaɗinsa da gaske, Fas zai nufa inda Shehu Ahmadu Tijjani yake kwance tun 1815, ko Kaulaha wajen Shehu Ibrahim Inyass, ko Kiota. Ba zai je Madarunfa neman biyan buƙata ba, haka Hubbaren Shehu a Sakkwato, don Shehu Usmanu Baƙadire ne. Yana iya shiga ya yi sallama ya yi wa mamaci addu'a kamar kowane Musulmi, iyakarta ke nan. Saboda haka gwaggona, wadda ba ta karɓi wuridin kowa ba, tana iya shan faɗa daga ɗanta da safe, da yamma kuma muƙaddamin unguwa ya ce mata ta yi hankali. Masu zuwa bakin tafkin nan da yawansu ba su cikin littafin kowace ƙungiya.

Sai kuma tarihi, wanda shi ne ya sa taswirar wuraren ziyarar Bamaraɗe ta zama a karkace. Garin nan 'yan gudun jihadi ne suka kafa shi. Bayan Birnin Katsina ya faɗa hannun mutanen Shehu a 1807, gidan sarautar Haɓe ya yi arewa, ya raɓa a Damagaram, har Ɗan Kasawa ya zo ya zauna a Maradi wajen 1819. Har gobe sarautar sunanta Sarkin Katsina. Gobirawa su ma, bayan an ci Alƙalawa a 1808, sun yi ta faɗi-tashi har aka gwabza a Gawakuke a 1836, inda rundunar Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ta kashe Sarkin Gobir Ali da Sarkin Katsina Rauda na Maradi. Bayan wannan ne sabon Sarkin Gobir, Mayaƙi, ya kafa Tsibiri, nan kusa da mu. Shekaru masu yawa bayan haka dawakin Maradi da na Tsibiri ba su daina kai hari ƙasar Katsina da Zamfara ba, sunan Ɗan Baskore, ɗaya daga sarakunan Maradi, kuwa har Kano an san shi.

Abin da wannan ya haifar shi ne, kusan duk inda zuciyar Bakatsinen Maradi take ja, yana ƙetaren iyaka. Kaburburan Wali Ɗan Marina da Wali Ɗan Masani suna Birnin Katsina, hasumiyar Gobarau tana can, Durɓi ta Kusheyi tana ƙasar Katsina, rijiyar Kusugu tana Daura. Turawan Faransa da na Ingila da suka ja layi a farkon ƙarni na 20 sun bar mutane a gefe guda, kushewar kakanninsu a ɗaya gefen. Abin da ya fi ba ni mamaki kuwa shi ne yadda jikokin waɗanda suka yi shekaru suna yaƙar Sakkwato suke cika mota yau su bi ta Ƙonni da Illela zuwa Hubbare, wasu har su zarce Wurno inda aka binne Bello a 1837, shekara guda bayan Gawakuke. Na taɓa tsokanar wani dattijo Bagobiri da wannan. Ya ce mini, "Yaro, faɗan sarakai daban, malanta daban. Shehu ai a Gobir ya tashi, namu ne kafin ya zama nasu." Kuma gaskiyarsa, Ɗegel ƙasar Gobir ce a wancan zamani.

Wani ƙullin ya fi wannan tsauri. Mutumin da ke kwance a Hubbare tun 1817 yana cikin waɗanda suka fi kowa sukar abin da jama'a ke yi a wuraren da suke ganin tsarki. Ya rubuta cewa shafar kabari don neman tubarraki bidi'a ce, yanka ga itatuwa da duwatsu kuwa ya kai shi ga kafirci, kuma yana cikin hujjojin da aka kafa wajen yaƙar sarakunan Hausa. Shehun Borno Muhammadu al-Kanemi, a wasiƙun da suka yi musaya da Bello, ya mayar da martani da cewa ko a Dimyaɗ ta ƙasar Masar, garin malamai, akwai itaciyar da talakawa ke girmamawa, kuma ba wanda ya ce a yaƙi Masar. A lokaci guda Shehu sufi ne, ya yarda da waliyyai da karamominsu, ya yi waƙoƙin begen Abdulƙadir Jilani. Shi ya sa a Maradi ɗan Izala da ɗan Ɗariƙa kowa yake jawo Shehu ɓangarensa, kowa kuma da shafin da zai buɗe maka.

Ƙarƙashin duk wannan akwai wani tsohon shimfiɗi da ba a cika son ambatonsa da rana ba. Kwarin Gulbin Maradi ƙasar Anna ce, wato Hausawa masu addinin gargajiya, kafin zuwan 'yan sarautar Katsina, kuma sarautar da ta zo ba ta share su ba, zama ta yi da su. A fadar Maradi akwai sarautar Iya, a Tsibiri akwai ta Inna, dukansu mata ne daga gidan sarauta da al'amarin bori ke hannunsu. Kukoki da tsamiyoyi da bakin gulbi da ake kai wa fura ko jan zakara sun ragu ƙwarai, amma wanda ya ce sun ƙare bai kwana a ƙauye ba. Masu wa'azi suna da gaskiya idan suka ce wani abin da ake yi a bakin kabari daga can ya gangaro. Inda suke kuskure shi ne zaton duk wadda ta je kabari abin da ta je yi ke nan.

Bari in koma Makka, don ita ce ma'aunin sauran. A Risala ta fiƙihu, wadda duk wanda ya zauna zauren malam a garin nan ya bi ta kanta, an fassara iko da zuwa hajji da abubuwa kaɗan: hanya mai aminci, guzurin da zai kai ka, lafiyar jiki, da ƙarfin isa can ko a kan abin hawa ko a ƙasa. Wannan "ko a ƙasa" ta mazhabar Malikiyya ita ta fitar da dubban Hausawa daga gidajensu. Kakan mahaifina yana cikinsu. A gidanmu ana cewa ya fita da jaki ɗaya da allura da zare, don maɗinki ne, ya dawo bayan shekara 7 ya tarar an aurar da 'yar da ya bari tana rarrafe. Hanyar sananniya ce: Damagaram, Borno, Fort-Lamy da ake kira N'Djamena yanzu, Abeshe, Darfur, El-Obeid, Khartum, sannan Sawakin ko Port Sudan a bakin Bahar Maliya, a shiga jirgin ruwa zuwa Jidda. Ana tafiya ana tsayawa neman guzuri. Bayan an buɗe gonakin auduga na Jazira a 1925, da yawa sun tsaya cirar auduga na shekara ɗaya, shekarar ta zama goma, goma ta zama har abada. Garin Mai Wurno a bakin Shuɗin Nilu, wanda ɗan Sarkin Musulmi Attahiru ya kafa bayan yaƙin Burmi na 1903, har yau da Hausa da Fulatanci ake ciniki a cikinsa.

Abin lura a wannan tsohuwar hanya shi ne ba ta tambayar mutum abin da ya mallaka. Shekaru take ci, wani lokaci ta ci rai, amma maɗinki da wanzami da almajiri duk suna iya kama ta. Jirgin sama ya taƙaita shekara 7 zuwa awoyi, ya kuma mayar da hajji abin da ake biya gaba ɗaya, lakadan, kafin a taka ƙofar gida. A daidai wannan zamani ne Maradi ta yi kuɗi, da farko da gyaɗa, daga baya da fataucin kaya zuwa Nijeriya, musamman tun lokacin yaƙin Biyafara na 1967 zuwa 1970. Nan kalmar "alhaji" ta sauya nauyi. Idan aka ce "alhazan Maradi" ba wanda ke tunanin mutanen da suka tsaya a Arfa, manyan 'yan kasuwa ake nufi. Ka ga yaro ya kira mai shago "Alhaji" don a rage masa kuɗin sabulu, alhali mai shagon ko Yamai bai taɓa zuwa ba.

Izala, wadda Shehu Isma'ila Idris ya kafa a Jos a 1978 da goyon bayan Shehu Abubakar Gumi, ta shigo Maradi cikin shekarun 1980 ta hanyar da kaya ke shigowa, kuma matasan 'yan kasuwa na cikin waɗanda suka fara rungumarta. Ba na cewa don kuɗi suka shiga, na san da yawansu kuma na san da gaske suke. Amma koyarwar ta zauna daidai da rayuwarsu: rage kashe kuɗi a biki da suna da sadakar bakwai, daina kai wa malaman tsibbu, dogaro da karatu da guminka. Kuma mutumin da ke iya zuwa Umra duk azumi, idan ya ce ba a tafiya sai masallatai uku, bai rasa komai ba, don biyu daga cikin ukun suna cikin fasfonsa. Wadda ake gaya wa maganar ita ce aka bari ba inda za ta.

Ga lissafin. Tun ƙarshen shekarun 1980 ƙasashen Musulmi suka amince da ƙa'idar kujera 1,000 ga kowane Musulmi miliyan ɗaya. Kason Nijar a 'yan shekarun nan kujera 15,891 ne, a ƙasar da mutanenta suka haura miliyan 25. Ko da kowa yana da kuɗin, layin ya fi tsawon rai. Kuɗin kuwa ya haura sefa miliyan 3, wato sama da jika 3,000 a lissafin gwaggo, ban da fasfo da allurar sanƙarau da ta shawara, da hadaya, da tsarabar da in ba ka kawo ba za a ce ba ka je ba. Tsofaffi suna tuna Janairun 1994, lokacin da aka karya darajar sefa da rabi, waɗanda suka kusa cika kuɗinsu suka wayi gari suna tsakiyar hanya. Da riyal da dala ake biyan jirgi da masauki, da wake da tumaki gwaggo take tarawa.

Inda ƙofa ta yi ƙunci kuwa dole a sami masu haura katanga. Wasu su shiga da bizar Umra su ɓuya har lokacin hajji, wasu su zauna can su zama takari. A hajjin 2024, da zafi ya haura digiri 51 a Makka, hukumomin Saudiyya sun ce mutum 1,301 suka rasu, kuma kashi 83 cikin 100 ba su da izinin hajji, wato ba su da tanti mai sanyi a Mina, ba su da motar da za ta ɗauke su. A gida ma akwai masu cin wannan ƙishirwa. Wani ƙanen mahaifiyata ya sayar da gona ya kai wa wani kamfanin jigilar alhazai kuɗi, ya yi bita, aka yi masa walimar bankwana, ya tafi Yamai ya kwana 9 a tabarma yana jiran biza. Jirgi na ƙarshe ya tashi ya bar shi. Da dare ya shigo gari don kunya, kuma sai da aka shekara biyu ana kai ruwa rana kafin ya karɓi wani abu daga kuɗinsa. Har yau akwai masu kiransa Alhaji, ba ya amsawa.

A wannan gurbin ne ziyarar kusa take zaune. Ɗauki Kiota. Ƙaramin gari ne a ƙasar Zabarmawa, cikin jihar Doso, wanda Shehu Abubakar Hashim ya mayar cibiyar Tijjaniyya ta Faila, wato reshen Shehu Ibrahim Inyass, a Nijar. Almajirin Shehu Ibrahim Inyass ne kuma surukinsa, don ya auri 'yarsa Sayyada Ummul Khairi, wadda aka fi sani da Mama Kiota, mai makarantun mata. Ya rasu a 2004, amma Mauludin garin bai ragu ba. Ita kanta Failar a hanyar hajji ta shigo ƙasar Hausa, don a hajjin 1937 Shehu Ibrahim ya haɗu da Sarkin Kano Abdullahi Bayero, wata tafiya ta haifi wata. Idan watan Mauludi ya kama, ka je tasha da asuba ka gani. Motoci cike da mata da fararen mayafai, kwanon dambu da ƙullin ƙuli-ƙuli a cinya, buta ɗaure a jikin jaka, ana zikiri tun kafin direba ya tada mota. Za su bi ta Gidan Runji, Madawa, Ƙonni, Dogon Dutsi, Doso, yini guda cur a hanya. Kuɗin zuwa da dawowa bai kai kuɗin ragon layya ba. A can za su kwana a ƙasa cikin taron da ba su san kowa ba, su ci abinci da baƙo, su ji harsunan da ba su iya ba, su dawo da tsaraba a zo ana yi musu barka da zuwa. Ba wadda za ta ce maka ta yi hajji, sun san bambanci sarai. Amma wani yanki na abin da alhaji ke ba da labari, su ma sun ɗanɗana.

Ga mace akwai ƙarin wani abu da maza ba mu cika lissafawa ba. Matar aure a gidajen kulle na garin nan tana iya shekara ba ta fita bayan gari ba in ba biki ko rasuwa ko likita ba. Ziyara tana cikin 'yan dalilan da miji ke jin nauyin hanawa.

Yanzu ita ma ziyarar kusan tana neman ta yi nisa. Tun wajen 2019 'yan bindigar da suka addabi Zamfara da Katsina da gabashin Sakkwato suka fara tsallakowa, dubban 'yan gudun hijira suka shigo jihar Maradi, kuma yankunan Madarunfa da Gidan Runji na cikin waɗanda satar shanu da satar mutane ta fi taɓawa. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 aka rufe iyaka, ba a buɗe ba sai Maris na 2024. Watannin nan, mai son zuwa Katsina, tafiyar da ba ta kai kilomita 100 ba ta Ɗan Isa da Jibiya, sai ya bi ta daji a kan babur ko ya haƙura. Sharaɗin farko da Risala ta kawo, hanya mai aminci, da can a kan Darfur da Bahar Maliya ake tattauna shi. Yau a kan hanyar Gabi, nan cikin yankin Madarunfa, ake tambaya. Abin da wa'azin shekara 40 bai hana ba, tsoro ya rage shi cikin shekara biyar, kuma ban ga wanda ya yi murna da haka ba, har taubashina.

Bara ni na kai gwaggo, da hantsi, don ta yarda a daina fita da asuba. Masunta suna ta fama da komarsu a tafkin, yara suna sayar da soyayyen kifi, ba wani abin da zai nuna maka wuri ne na daban sai ka bar bakin ruwa. A kabarin farko ta cire takalmi, ta yi sallama irin wadda ake yi wa mutanen kushewa, ta karanta Fatiha da Ƙulhuwallahu, ta kwance geron ta ba wani tsoho da ke zaune a inuwa. Sannan ta zauna ta fara magana ƙasa-ƙasa. Na matsa don in ji wa take roƙo, ba don komai ba sai don in sami abin gaya wa taubashina. Allah take roƙo. Tana lissafa 'ya'yanta ɗaya bayan ɗaya, har da wanda ba ta kama sunansa, nan ma "babban" ta ce. A gefenmu kuwa wata mata ta ɗebi ƙasar kabarin ta ƙulla a leda, na ji tana kiran mai kabarin da kansa ya dube ta, ta yi shekara 8 ba haihuwa. Taku biyar ne tsakaninsu.

A ganina, nan ne masu wa'azi na kowane ɓangare suke barin aikinsu. Abin da matar nan ta yi, ko malaman da suka halatta tawassuli ba za su sa mata hannu ba, Shehun da ke Hubbare ma ya hana, kuma ya kamata a gaya mata. Amma wanda zai gaya mata sai ya zo inda take, ya san shekara 8 ɗin nan, ya san abin da kishiya da uwar miji suke gaya mata kullum. Daga kan mumbari, ta lasifika, ita da gwaggo mutum ɗaya ne, mushirikai. Daga wajen masu kare ziyara kuma su biyun masoya waliyyai ne, ba a son a taɓa ledar ƙasar don kada abokin gardama ya ce ya ci. Ta haka aka bar ta da tsohon da ke inuwa, wanda na ji yana gaya mata ta jiƙa ƙasar ta sha kwana bakwai, ta kuma dawo da abin sadaka in buƙata ta biya.

A hanyar dawowa na tambayi gwaggo, in Allah ya kira ta Makka, za ta sake zuwa nan? Ta ce, "Wanda ya ga Annabi mi zai nema wajen barorinsa?" Muka yi 'yar tafiya, sai ta ƙara da cewa, "Amma zan zo in yi musu bankwana. Ba a wuce maƙwabci."

Bana an sake faɗin kuɗin kujera. Taubashina ne ya juya mata lissafin zuwa jika, ya kuma ce zai cika mata abin da ya rage in kasuwa ta yi kyau bayan kaka, da sharaɗin ta bar zuwa tafki. Ta ce a gaya wa wancan ta ji. Tunkiya biyu sun haihu, wake bai yi tsada yadda ta so ba. Ranar Laraba ta aiko jikarta ta tambaye ni ko babur ɗina yana da mai.